An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Auna Ma'aikatan Mallawa da Kwamfuta

Wani ɗan'uwa daga cikin masana harkar kula da ma'aikata, wanda zan kira Malam a nan, ya yi rubutu kwanan baya yana ba hukumomin Nijar shawara kan yadda za a gyara aikin gwamnati a karkara, ya kuma ɗauki ƙaramar hukumar Mallawa, ta gundumar Dungas a jihar Damagaram, ya yi misali da ita. Ga yadda na fahimci maganarsa. A ganinsa, abin da ya kashe aiki a irin waɗannan wurare shi ne shugabanni suna lalube cikin duhu: Yamai ba ta san wane malami ne ya shiga aji ba, ba ta san wane ma'aikacin jinya ne ya rufe likita ya tafi kasuwa ba, ba ta ma san ko mai wannan suna yana raye ba. Maganin kuwa, in ji shi, a ajiye na'urar dangwala yatsa a kowace makaranta da kowace likita, a tara bayanan kowane ma'aikaci wuri guda, kwamfuta ta tace su ta ware mai ƙwazo da malalaci, har ta yi hasashen wanda zai gudu daga bakin aiki tun bai gudu ba. Ya kafa hujja da manyan kamfanonin Amurka irin su Google, da yadda Najeriya ta kama ma'aikatan bogi, da wani gwaji da aka yi a Indiya.

Ba na cikin masu cewa kwamfuta kayan Nasara ce da ba ta dace da mu ba, kuma a kan ma'aikatan bogi na yarda da shi. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗin Najeriya, zamanin Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan an gwada sunayen da lambobin banki na BVN. A nan gida ma hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, kafin COLDEFF ta maye gurbinta a 2023, ta taɓa bankaɗo malaman kwantiragi masu yawa da babu su sai a takarda. Aiki ne mai kyau, a ci gaba da shi. Sai dai a lura da inda ake haihuwar ma'aikacin bogi. A ofishin da ake buga jerin sunaye ake haifar sa, a teburin da ake sa hannu ake raɗa masa suna, kuma mai cin albashinsa bai taɓa kwana a Mallawa ba. To, me ya sa duk na'urorin da Malam ya lissafa suke kallon ƙasa, babu ko ɗaya da ta juyo ta kalli teburin nan?

Ginshiƙin maganarsa shi ne wai ba a sani ba, kuma a nan muka raba hanya. A ƙauyen da ke da makaranta ɗaya da malamai biyu ko uku, babu abin da ke ɓoye. Mai gari ya san ranar da mushe, wato malamin makaranta, ya tafi da ranar da ya dawo. Ɗan kabu-kabun da ya kai shi bakin hanya ya sani, matar da ke dafa masa tuwo ta sani, yaran da aka sallama tun hantsi sun kai labari gida. Darektan makaranta ya sani, sufeto a Dungas ya sani. A ɓangaren lafiya abin ya ma fi haka. Kowane ƙarshen wata majo, wato shugaban likitar ƙauye, yana zama ya cika rahoto: mutum nawa aka duba, mata nawa suka haihu, yara nawa aka yi wa rigakafi, nawa ke da tamowa, nawa ke da zazzaɓin cizon sauro. Rahoton nan yana tafiya gunduma, a shigar da shi manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙira kuma Nijar take amfani da ita kamar ƙasashen Afirka da dama. Duk wanda ya leƙa ɗakin majo a irin wannan lokaci zai ga rajistoci jibge, kowane shiri da nasa, kowane mai ba da tallafi da irin takardar da yake so a cika masa. Mutumin da aka ɗauka don ya duba marasa lafiya yakan ɓata kwanaki yana cike gurabe da biro. In akwai abin da ya yi wa likitar karkara yawa, to takarda ce.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne ikon yin aiki da abin da aka sani. Sufeto ya rubuta cewa wance ba ta taka makaranta ba tun da aka buɗe. Kafin takardarsa ta kai Damagaram, waya ta riga ta iso daga sama: a yi haƙuri, ƙanwar wane ce. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun yi fiye da shekaru 20 suna rubuta wannan a kan asibitoci da makarantu da ofisoshinmu. Abin da suka yi ta nunawa shi ne akwai dokar da ke rubuce, akwai kuma wadda ake aiki da ita, kuma ta biyun ce take yanke wanda za a tura daji da wanda za a bari a birni. Ƴan boko har sun taƙaita abin da haruffa uku, PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Sakamakon kowa yana ganinsa. Makarantar cikin birni malamai sun fi azuzuwa yawa, wasu na zaune a inuwa suna jiran lokacin tashi, ga ta ƙauye malami guda yana riƙe da aji biyu ko uku. Ungozoma ta yi aure ta nemi a kusantar da ita ga mijinta, kuma haƙƙinta ne, amma gurbin da ta bari sai ya shekara ba a cike shi ba. Wace kwamfuta ake jira ta gano wannan? Jerin tura ma'aikata na shekara guda ya isa.

Malam ya ambaci Indiya, amma rabin labarin ya bayar. Gaskiya ne a yankin Udaipur na jihar Rajasthan wata ƙungiya mai suna Seva Mandir ta raba wa malaman ƙananan makarantunta na ƙauye kyamara. Kowane malami sai a ɗauke shi hoto da ɗalibansa a farkon darasi da kuma lokacin tashi, a biya shi gwargwadon kwanakin da hoto ya shaida. Fashin malamai ya sauko daga kashi 42 cikin ɗari zuwa 21, kuma tun daga nan duk mai son sayar da na'urar sa ido da wannan labari yake fara talla.

Ga sauran rabin. Ƙungiyar nan dai, a yankin nan dai, ta haɗa kai da hukumar lafiya ta gwamnati, aka kai wa ma'aikatan jinya na ƙananan asibitocin ƙauye wata na'ura mai buga rana da lokaci a takarda, aka ce duk wadda fashinta ya wuce kima za a yanke mata albashi. Watanni 6 na farko abin ya yi kyau ƙwarai, zuwa aiki ya ƙaru. Daga nan na'urori suka fara lalacewa, wasunsu da alamar hannu ne ya lalata su. Shugabannin ma'aikatan kuwa, waɗanda ya kamata su zartar da hukunci, suka shiga raba takardun uzuri, wannan an ce tana taro, waccan tana horo, wata tana zagaye. Bayan watanni 16 babu bambanci tsakanin asibitin da ke da na'ura da wanda ba shi da ita. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, su da Rachel Glennerster ne suka wallafa binciken a 2008. A makarantun, mai kyamara shi ne mai biyan albashi, kuma da gaske yake son a yi aiki. A asibitocin, wanda hukunci ke hannunsa shi ne ba ya son hukuncin. Malam, ku gaya mana tsakani da Allah: likitar Mallawa da wanne daga cikin biyun ta fi kama?

Ba sai mun je Indiya ba ma. Mun gwada tafiyar da ma'aikata da lamba a gidanmu, kuma gagarumin gwaji muka yi. A watan Yulin 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé yake ministan ilimin firamare, aka tara malaman kwantiragi na ƙasa baki ɗaya aka yi musu jarrabawar Faransanci da lissafi. Ƙungiyoyin malamai suka ce a ƙaurace, wasu suka ƙaurace, mafi yawa suka zauna. Da sakamako ya fito, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka kai matsakaicin maki. Aka soke kwantiragin dubbai, na waɗanda suka fi faɗuwa da na waɗanda suka ƙi zama, aka tura na tsakiya horo. A shekarar nan dai Nasir El-Rufai ya yi irin wannan a Kaduna, inda malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 suka kasa cin jarrabawar ƴan aji huɗu.

Ba na kare malamin da bai iya abin da yake koyarwa ba. Ɗan talaka ne yake cutarwa, ɗan mai hali ba ya zama a ajinsa. Amma wannan sakamako takarda ce mai fuska biyu, fuska ɗaya kawai aka karanta. Ɗayar fuskar tambaya take yi: wa ya ɗauki waɗannan mutane? Tun ƙarshen shekarun 1990, da aka fara ɗaukar ƴan sa-kai na ilimi, zuwa shirin shekaru goma na bunƙasa ilimi da ya soma a 2003, ƙasa ta zaɓi ta cika azuzuwa da malamai masu arha, har ƴan kwantiragi suka zama mafi yawan masu riƙe alli a firamare. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya karɓi takardunsa, akwai wanda ya duba shaidar karatunsa, akwai wanda ya sa hannu. Bayanan nan suna ajiye. Da nazarin alƙaluma ake so da gaske, da an jera malaman da suka faɗi an duba wace shekara aka ɗauke su, a wace jiha, daga wace makarantar horon malamai suka fito, da sa hannun wa. Wannan ɗan ƙaramin aiki ne ga kwamfuta. Malamin ƙauye ya rasa abincinsa a bainar jama'a, waɗanda suka sa masa hannu kuwa suna nan a kujerunsu. Tsarin da Malam yake so, jarrabawar 2017 ce za a riƙa yi kowace safiya da ɗan yatsa.

Sannan akwai abin da na'ura za ta kira fashi. A takarda, makarantun firamare suna buɗewa a farkon Oktoba. A ƙauyukan Dungas da Magarya da yawa, ajin rumfar kara ce, kuma ba a samun kara sai an yi girbi. Sai iyaye sun gama da gero da wake sannan su haɗu su kafa rumfa, kafin nan yaran ma suna gona. Gwamnati da kanta ta sha faɗin cewa irin waɗannan azuzuwa sun kai kimanin 36,000 a ƙasar, kuma ba mu manta gobarar da ta cinye yara fiye da 20 a irinsu a Maraɗi a watan Nuwamban 2021 ba. Malamin da ya zo ranar da aka ce, ya dangwala yatsa, ya zauna gindin bishiya ba aji ba ɗalibi, na'ura za ta rubuta masa ƙwazo. Wanda ya tafi babban gari neman kuɗinsa na wata biyu da aka riƙe, ya iske ba a fara biya ba, ya kwana uku a gidan wani yana jira, na'ura za ta rubuta masa lalaci. Majo da ya bar likita saboda gunduma ta kira shi taro, ko wata ƙungiya ta kira shi horo mai kuɗin zama, shi kuma za a ba shi takardar uzuri, kamar dai a Udaipur. Jinkirin biyan ƴan kwantiragi ba sabon labari ba ne a Nijar, shi ne ya yi ta jawo yajin aiki shekara da shekaru. Duk lissafin fashi da bai ajiye kwanakin jinkirin albashi kusa da shi ba, ya ɗora wa ma'aikaci laifin maigidansa.

Ko lambar da za a auna ƙwazo da ita ma tana da rauni a irin wannan yanki. Yawan mutanen da ake cewa kowace likita tana kula da su, daga ƙidayar jama'a ta 2012 ake ƙiyasta shi, shekara guda bayan an cire Dungas daga Magarya an mai da ita gunduma mai zaman kanta. A lokacin ƴan Nijar sun ɗan haura miliyan 17. Yau sun wuce miliyan 25. Ƙari a kan haka, yankin bakin iyaka ne. Mutane suna cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, naira tana yawo a hannunsu kamar sefa, samari suna ci-rani a Kano da gaba da Kano da zarar an gama girbi, mace tana iya ƙetarowa daga Jigawa da ɗanta saboda ta ji magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Shi ya sa a rahotannin rigakafi ake iya ganin likitar da ta yi wa fiye da kashi 100 cikin ɗari na yaranta allura, ga maƙwabciyarta ta tsaya a rabi, alhali ba lalle ne ta farko ta fi ta biyu aiki ba. In kwamfuta ta jera su, za a yaba wa ɗaya a tsawata wa ɗaya, a kan lambar da ba su suka yi ta ba. Kuma ma'aikaci ba wawa ba ne: da ya gane da lamba ake auna shi, lambar zai fara gyarawa kafin aikin.

Batun wuta da layin waya ba zan daɗe a kansa ba, tunda faifan hasken rana yana iya rage shi. Sai dai a tuna cewa da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ƙasa baki ɗaya ta ji a jikinta har watanni, kuma a ƙauyukan iyaka sau da yawa layin Najeriya ya fi na gida kamawa. Tambayar da na fi damuwa da ita ita ce: in na'ura ta yi kuskure, ina za a kai ƙara? Najeriya ta soma tsarin albashi na bai-ɗaya, IPPIS, a 2007. Ya kama na bogi, amma ya kuma bar ma'aikata na gaske suna zarya Abuja don a gyara suna ko matsayi, malaman jami'a suka yi ta yaƙi da shi har da dogon yajin aikin 2020, kafin gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga cikinsa a watan Disamban 2023. Waɗannan farfesoshi ne masu ƙungiya mai ƙarfi. Ɗan kwantiragin Mallawa da na'ura ta ƙi karanta yatsansa saboda kaushin fartanya fa? Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma shi bai ma kai Damagaram ba tukuna.

Hasashen wanda zai gudu daga aiki shi ne abin da ya fi burge Malam, ni kuwa shi ya fi ba ni tsoro. Kwamfuta daga tarihi take koyo. Kamfanin Amazon ya gina manhajar tace takardun masu neman aiki, ya ciyar da ita da takardun shekaru 10 da suka gabata, waɗanda mafi yawansu na maza ne. Sai manhajar ta koyi rage wa takardun mata maki, har kamfanin ya yi watsi da ita, kamar yadda Reuters ta ruwaito a 2018. A ba irin wannan manhaja tarihin tura ma'aikata na jihar Damagaram. Za ta gano cewa mata ba sa daɗewa a ƙauye, masu babban digiri ba sa daɗewa, masu dangi a sama ba sa daɗewa. Wanda yake zama shi ne marar kowa. Shawararta za ta kasance a riƙa tura wa Mallawa marasa kowa. Abin da ake yi a ɓoye da waya zai dawo da hatimin kimiyya, kuma ba za a sami wanda za a kama da laifi ba, tunda kowa zai ce ai na'ura ce ta faɗa.

Shi kansa misalin Google, da Malam ya ƙara dubawa da ya ga yana goyon bayana ne. Binciken da kamfanin ya fi shahara da shi a wannan fanni, wanda ya soma a 2008 da sunan Oxygen, a kan shugabanni aka yi shi. Tambayar ita ce me ya bambanta shugaba nagari da marar kyau, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin aunawa shi ne na ƙasa su ba na sama maki. Dalili a fili yake: injiniyan Google in ya ji ba daɗi gobe wani kamfani zai ɗauke shi, don haka alƙaluma suna aiki ne don a riƙe shi. Ina so in ga ranar da malaman Dungas za su ba sufeto maki, sufetoci su ba daraktan jiha, a kuma buga sakamakon.

Akwai wurin da nazarin alƙaluma zai ceci rayuka a wannan yanki, kuma rubutun Malam bai ko leƙa shi ba. Kowace shekara, daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa a kan yaran Magarya da Dungas. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da asibitin Magarya tun 2005. A watan Satumban 2018 ta sanar cewa yara fiye da 700 ne kwance a sashen yara na asibitin a lokaci guda, kuma kimanin 10 ne ke rasuwa kowace rana. Wannan ambaliyar marasa lafiya ba ta zuwa da mamaki. Watanninta sanannu ne, rajistocin shekarun baya sun nuna makon da take fara hawa da makon da take sauka, sun nuna likitocin da suka fi aiko da yara a galabaice. Tun 2013 ake raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi na damina saboda an san lokacin. To me ya hana a tsara mutane kamar yadda ake tsara magani? A san ma'aikacin jinya nawa kowace likita take buƙata a watan Agusta, wanda ba daidai yake da na watan Maris ba. A hana sauya wa kowa wurin aiki a tsakiyar wannan lokaci sai an kawo madadinsa. A ɗage taruka da horo zuwa rani. A tsara hutu yadda ba zai bar ɗakin shan magani a rufe ba lokacin da uwa ta yi tafiyar awa uku a amalanke. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da hanyar lissafi mai suna WISN da aka yi don wannan: a ɗauki yawan aikin da ake yi a zahiri, a lissafa lokacin da kowane aiki yake ci, a fitar da yawan ma'aikatan da ake buƙata. Sai dai amsar da irin wannan lissafi yake bayarwa ba ta yi wa manya daɗi, domin takan ce a kwashe mutane daga birni a kai ƙauye, kuma ta faɗi ko nawa.

Ko a batun sa ido ma muna da gwajinmu, wanda ya fi na Udaipur kusa da Mallawa. Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da Christopher Ksoll sun bi wani shirin yaƙi da jahilci na manya da ƙungiyar CRS ta gudanar a ƙauyukan jihohin Maraɗi da Damagaram. A wasu ƙauyukan an ƙara abu guda: kowane mako a buga waya ga malamin, da mai gari, da ɗalibai biyu, a tambayi ko an yi karatu, mutum nawa suka zo, ko akwai matsala. Ba a rage wa kowa ko dala ba. Ɗaliban ƙauyukan da ake kira suka fi na sauran ci gaba a karatu da lissafi. Masu binciken suna da nasu bayanin. Ni abin da na gani a ciki shi ne mutum ne ya kira mutum, an saka mai gari da ɗalibi cikin maganar, kuma an bar wa malami ƙofar faɗin abin da ke damunsa. Wanda aka jefa ƙauye mai nisa, ya yi wata uku babu wanda ya tambayi lafiyarsa daga ofis, kiran nan kaɗai yana gaya masa cewa ana sane da shi. Na'urar dangwale ba ta tambayar kowa ko akwai matsala.

Ga kuma amanar bayanan. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukuma mai suna HAPDP da ke kula da ita, amma rubutun Malam bai ce uffan a kan wanda zai riƙe zanen yatsu da tarihin zirga-zirgar dubban ma'aikata ba. A ƙasar da sauyin wurin aiki ya daɗe yana zama bulalar hukunta ɗan ƙungiyar ƙwadago ko wanda ake zargi da adawa, taskar da ta san inda kowa yake a kowace safiya makami ce, kuma ba mai ƙera ta ne zai zaɓi wanda zai gaje ta ba.

In ana son a fara amfani da alƙaluma a Mallawa, ga inda za a fara, ba tare da an sayi na'ura ko ɗaya ba. Kowane watan Oktoba a liƙa takarda a bangon ofishin sufeto a Dungas da na ƙaramar hukuma a Mallawa. A rubuta sunan kowace makaranta, ɗalibai nawa, azuzuwa nawa, nawa ne na kara, malamai nawa aka tura, nawa suka iso. A gefe a sa na makarantun cikin birnin Damagaram don a gwada. Duk wanda aka ɗauke a tsakiyar shekara a rubuta ranar da aka ɗauke shi, da ofishin da ya sa hannu, da ko an kawo madadinsa. Kowane wata a ƙara layi guda: ranar da ya kamata a biya ƴan kwantiragi da ranar da aka biya su. A yi wa likitoci irin wannan. A karanta shi a rediyon yanki da Hausa saboda iyayen da ba su karanta boko. Dukan waɗannan lambobi suna cikin aljihun tebur a yau, magatakarda guda da ƙaramar kwamfuta ya isa ya haɗa su cikin mako.

Malam ya fi ni sanin mutanen ma'aikatu, ƙofofin da ni zan tsaya a bakinsu shi buɗe masa ake yi. Ina roƙonsa, kafin ya rubuta kashi na biyu, ya je ya nemi jerin sauye-sauyen wurin aiki na gundumar Dungas na shekaru 3 da suka wuce, da sunan ofishin da ya sa hannu a kan kowanne, ya ce yana so ya buga shi a jarida. Ya dawo ya gaya mana amsar da aka ba shi.